Yadda Za A Koya Wa Yaro Sana'ar Gida Ba Tare Da Karatunsa Ya Lalace Ba

A gidajen da ake saƙar tabarma da faifai, ko ɗinkin hula, ko tuyar ƙuli-ƙuli, ba a cika cire yaro daga makaranta rana ɗaya ba. Da makara ake farawa, sai fashin ranar kasuwa, sai gyangyaɗi a aji, har malami ya daina kiran sunansa. Gyaran kuwa daga lissafin lokaci yake farawa.

A ɗauki mako guda ana rubuta awannin da yaron ya yi a kan sana'ar, har da jiƙa kaba, da ɓarar gyaɗa, da talla. Iyaye mata da yawa ba sa ƙirga talla, alhali ita ta fi cin lokaci. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ɗan shekara 12 zuwa 14 da ya kai awa 14 a mako yana aikin neman kuɗi ya shiga sahun yaran da ake ci da guminsu. Awa biyu ke nan a kullum. Wanda bai kai 12 ba, nasa kallo ne da miƙa zare, kada a yanka masa aikin da dole ya gama.

Babbar ɓarakar tana wurin karɓar jinga. Dillaliya ta kawo huluna goma ana saura wata guda Salla, ta ba da kafin alƙalami, uwa ta karɓa tana lissafi da hannun 'ya'yanta. Kwanaki na matsowa sai a koma ɗinkin dare da tocila, ido ya yi ja, da safe yarinya ta kasa tashi. Kafin ki karɓi aiki, ki auna kwana nawa hula ɗaya take cin ki ke kaɗai, ki raba kwanakin da suka rage da wannan adadin. Abin da ya fito shi ne iyakarki. Ragowar ki miƙa wa maƙwabciya ku raba ladan.

Lokacin koyo shi ne bayan an taso daga boko da Islamiyya, an ci abinci, an yi aikin da malami ya bayar. Bayan isha'i babu allura. A Talata Mafara da ƙauyukanta ranar kasuwa takan faɗo ranar makaranta, don haka babba ne zai kai kaya, ko mata uku su haɗa nasu su ba mutum ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma nauyin a wuyan iyaye yake.

Akwai aikin da ko Asabar da Lahadi ba na yaro ba ne: kaskon mai, ruwan rini, da wuƙar tsaga kaba. Mafi muni shi ne dakan dutsen zinare a tsakar gida. A 2010 gubar dalma da ke cikin irin wannan dutse ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai masu fama da raunin ƙwaƙwalwa. Irin wannan dutse kada ya shigo gida, tufafin aikin ma a tuɓe su a waje.

Duk ƙarshen wata uba ya je ya duba rajistar aji. Idan fashi ya kai kwana uku ba ciwo, a rage jinga nan take.