Komawa kwalejin al'umma bayan jami'a ta sallame ka a Amurka

Galibi jami'a tana sallamar ɗalibi ne idan matsakaicin makinsa na darussa (GPA) ya ci gaba da zama ƙasa da 2.0 bayan an yi masa gargaɗi. Abin da ciwo, amma kwalejojin al'umma masu shekara 2 yawancinsu suna karɓar duk mai shaidar gama sakandare.

1. Karanta wasiƙar sallamar da natsuwa. A ciki za ka ga wa'adin ɗaukaka ƙara, da tsawon lokacin da za ka jira kafin ka nemi dawowa.

2. Idan da bizar ɗalibai ta F-1 kake karatu, wannan ne ya fi gaggawa. Ranar da ka samu wasiƙar, je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka nemi a mayar da rajistarka ta SEVIS (tsarin da gwamnatin Amurka ke ajiye bayanan ɗaliban ƙasashen waje) zuwa sabuwar kwaleji kafin a rufe rajistar. Kwalejin ce za ta ba ka sabuwar takardar I-20, wato shaidar cancantarka ta zama ɗalibi mai bizar F-1. Kada kunya ta hana ka zuwa, kwana kaɗan na iya jefa zamanka cikin matsala.

3. Biya bashin da jami'a ke bin ka, sannan ka nemi ta aika takardar sakamakonka kai tsaye zuwa kwalejin.

4. Cike fom ɗin neman shiga kwalejin, kuma ka faɗi gaskiya idan an tambaye ka makarantar da ka baro.

5. Zauna da mai ba ɗalibai shawara. Darussan da ka ci da makin C ko sama su ake yawan karɓa. Tambaye shi waɗanne jami'o'i ke da yarjejeniyar karɓar darussan kwalejin, don lokacin da za ka koma jami'a.

6. A zangon farko kada ka ɗora wa kanka kaya. Kiredit (ma'aunin nauyin darussa) 12 ya isa, musamman in kana aiki, kuma ka fara maimaita darasin da ya kayar da kai.