Yadda Ake Duba Tsatsa a Jikin Keken Alminiyum

Alminiyum ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe. Tasa fara ce kamar gari, kuma yawanci a sama take tsayawa, domin da zarar iska ta taɓa alminiyum sai ya yi wata siririyar fata da ke kare cikinsa.

1. A wanke keken da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe. Kada a kusanto da sodar haɗa sabulu, domin cin alminiyum take yi.

2. A haska tocila a bi jikin keken, musamman inda fenti ya kumbura. Idan farin garin ya goge da samfefa mai laushi, ƙasansa kuma sumul, babu haɗari. A shafa fenti a rufe wurin.

3. A zare sandar sirdi, a kwance kusoshi. Inda ƙarfe ya haɗu da alminiyum, ga danshi ko gishirin gumi, alminiyum ɗin ne ke cinyewa, har sandar ta kafe ta ƙi fita. A goge, a shafa giris kafin a mayar.

4. A duba wuraren walda da kyau, a wuyan keken da kuma wajen feda, domin nan ne ainihin haɗarin yake. Tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ko rami mai zurfi, ya isa a daina hawa, saboda alminiyum kan karye ba zato. Waldar bakin titi ba magani ba ce: samfurin alminiyum mai lamba 6061 da aka fi ƙera irin waɗannan kekuna da shi yana rasa ƙarfinsa bayan walda, sai an sake gasa shi a tanderu na musamman.