Kurakuran da sabbin shiga ke yi a ƙananan kamfanonin nazarin bayanai na Accra

Tun da Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, matasanmu na Nima da Maamobi da Sabon Zongo suka duƙufa koyon Python, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta. Madalla. Wasu har sun samu gurbi a ƙananan kamfanoni masu tasowa, na kuma zauna da su a ofis ɗaya, na ga inda suke yawan tuntuɓe.

Babban cikinsu shi ne gaggawar horar da na'ura, wato koya wa kwamfuta yin hasashe daga bayanai, tun ba a buɗe bayanan an duba da ido ba. Akwai wani yaro da muka ɗauka, aka ba shi bayanan cinikin 'yan kasuwar Makola. Lissafinsa ya nuna wata mai tumatir tana cinikin sidi miliyan biyar a rana, ya kuwa kawo mini da fara'arsa. Na ce, "Ƙanena, ka taɓa raka Hajiya cefane kuwa?" Tun 2007 aka canza kuɗin Ghana, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma iyayenmu da yawa har gobe da tsohon kuɗi suke magana. Miliyan a bakinsu sidi 100 ne. Wanda ya tattara bayanan ya rubuta abin da ya ji, yaron kuma ya haɗiye bai tauna ba. Maganin ba wuya: jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, ka karanta na can sama da na can ƙasa, sannan ka nemi wanda ya tattara su ka tambaye shi.

Haka batun yankunan Ghana. A da 10 ne, a 2019 suka zama 16, Brong Ahafo kaɗai ta rabu uku. Ka haɗa tsohon fayil da sabo ba ka daidaita ba, taswirarka ta yi ƙarya.

Sunayenmu ma tarko ne. Mohammed, Muhammad, Mohamed, mutum ɗaya ya zama uku. Ana raba bayanai biyu, na koyar da na'ura da na gwada ta; in ɗaya ya faɗa cikin bayanan koyarwa, ɗaya cikin na gwaji, to na'urar satar amsa ta yi. Ka tace maimaici kafin ka raba. Kuma duk ranar da ka ga sakamako ya kai kashi 99, kada ka ruga wurin oga tukuna. A ce cikin cinikin MoMo (tura kuɗi ta waya) 100 guda ɗaya ne na damfara: na'urar da kullum ke cewa "lafiya lau" ita ma 99 za ta ci, alhali ko ɓarawo ɗaya ba ta kama ba. Ƙirga nawa ta kama, nawa suka kuɓuce.

Bayanan mutane amana ne, kuma akwai doka a kai, mai lamba 843 ta 2012. Lambobin waya da na Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ba a tura su ta WhatsApp don wai a ƙarasa aiki a gida. A cire su ko a ɓoye kafin fayil ya iso kwamfutarka.

Sai wanda kunya ke hana mu faɗa. Ɗan Zongo ya taso ba ya ja-in-ja da na gaba, sai mai kamfani ya ce "za mu ba ka hannun jari", ya amsa da "to". A rubuta shi a takarda, da adadi, da lokacin da zai zama naka. Ka kuma leƙa asusunka na SSNIT, hukumar fansho, bayan wata biyu ko uku: kashi 5.5 ake cira daga albashinka, kamfani ya ƙara 13. In ba ka ga komai ya shiga ba, ka yi sallama ofishin mai kula da albashi da takardar biyanka a hannu.