Idan yaronku ya dawo gida da maganar Darwin a Amurka

'Yan uwa iyaye, duk wanda ya sa ɗansa a makarantar gwamnati a Amurka ya kwana da sanin cewa za a koya masa ra'in sauyawar halittu na masanin kimiyya Charles Darwin, wato cewa halittu sun samo asali ne daga wasu halittun da suka gabace su. Galibi a darasin bayoloji ne, aji tara ko goma, wani lokaci tun kafin nan.

Rigima a kan koyar da wannan ra'i ta girme mu duka, kuma Kiristocin ƙasar ne suka fara ta. A 1925 jihar Tennessee ta hana koyar da cewa mutum ya samo asali daga dabba, har aka ci wani malami, John Scopes, tarar dala 100 a garin Dayton. Daga baya kotuna suka juya. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka a Arkansas, a 1987 kuma ta soke ta Louisiana da ta ce sai an haɗa darasin da koyarwar cewa Ubangiji ne ya yi halitta. A 2005 wata kotun tarayya ta yanke makamancin hukuncin a kan makarantun Dover da ke Pennsylvania. Dalilin ɗaya ne: tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ta koyar. Ku lura, wannan ƙa'idar ce ta sa tun 1962 aka hana makarantar gwamnati jagorantar yara addu'a, wato ita ke kare ɗan Musulmi daga addu'ar da ba tasa ba.

Don haka zuwa a yi wa malamar aji faɗa ɓata lokaci ne, jiha da hukumar makarantun gunduma ke tsara manhaja. Tun farkon zango ku nemi jadawalin darussa, ku ga makon da za a shiga babin. Idan Turanci bai zauna ba, ku nemi tafinta a taron iyaye da malamai, haƙƙinku ne, ba a biya.

Inda aka fi yin asara shi ne jarrabawa. Yaro ya bar tambaya ba amsa, ko ya rubuta kissar Annabi Adamu, sai maki ya zube, alhali a New York, misali, babin na fitowa a jarrabawar jiha ta Regents. Ku fahimtar da shi cewa abin da masana suka faɗa ake tambayarsa, ba imaninsa ba. Yana iya fara amsa da "a cewar masana kimiyya". Kuma ya daina cewa littafin ya ce mutum daga biri ya fito. Abin da ra'in ya ce shi ne kakansu ɗaya a can baya, kuma a kan wannan bambancin ake rage maki.

Aƙida kuwa aikin gida ne da Islamiyyar ƙarshen mako. Ku kai wa malaminsa na Islamiyya littafin bayolojin ya duba babin kafin a fara shi. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana da zaɓin makarantar kuɗi ta Musulunci ko karantarwa a gida, wadda duk jihohi 50 suka halatta, kowace da sharuɗɗanta.