Yadda muke yin suna a gidanmu

Da zarar Allah ya sauki iyalinka lafiya, ka ɗauki jariri ka yi masa huɗuba: kiran salla a kunnen dama, iƙama a hagu. Ka tauna ɗan dabino ka shafa masa a bakinsa. Sunan da ka zaɓa, riƙe shi sai ranar bakwai.

Wajen lissafin bakwai ɗin ne mutane suke rikicewa. A mazhabar Imam Malik, wadda iyayenmu suka tashi a kai, idan an haihu bayan fitowar alfijir, ranar haihuwa ba ta shiga lissafi. Haihuwar Talata da rana, suna Talata mai zuwa. In kuwa kafin asubar Talata ce, suna Litinin.

Ana gobe suna, ka tura ƙannenka da goro da alewa gida-gida, su fara da maƙwabta kafin dangi na nesa.

Rago ɗaya ya wadatar, namiji aka haifa ko mace, haka Malikiyya suka ce. Wasu malamai suna cewa biyu ga namiji. Ya zama lafiyayye irin na layya. Da hantsi a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ka raɗa wa liman suna a kunne, a yanka, ya yi addu'a, jama'a su shafa Fatiha suna "Allah ya raya".

Wanzami ya aske gashin, ka ƙiyasta nauyinsa da azurfa ka yi sadaka da kuɗin, kamar yadda Nana Faɗima ta yi wa Hasan da Husaini. Amma ina roƙonka, aska ta tsaya a kai. Kada ka bari a cire wa jariri beli, likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan zubar jini da ƙwayoyin cuta.

Nama kuma, ware na mai jego tukuna, a yi mata ƙauri. Ungozoma tana da nata. Sannan ka zauna da kanka ka lissafa gidajen layinku da ba a cika ɗora tukunyar nama ba, da gidan da ake takaba, a kai musu ɗanye tun da safe.

Yinin mata da yamma al'ada ce mai daɗi, ban hana ba. Bashin anko da rumfa dai nake hana 'ya'yana ci, domin mai jego tana da sauran wanka a gaba, da itace da kunun kanwa, har arba'in.