Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba, Da Misalin 720,720

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan cikin Katsina, kuma abin da na fi so ɗalibi ya iya shi ne ya dubi babbar lamba ya san halinta kafin hannunsa ya kai ga kalkuleta. Ɗauko biro, mu yi aikin da 720,720.

Fara da wutsiya. Idan lamba ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, in ba haka ba mara ce. Kada ka raina wannan rabe-raben. Muhammad al-Katsinawi, ɗan ƙasar nan da ya rasu a Alƙahira a 1741, a kan hatimai masu gidaje mara, wato jadawalin lambobi da jimlar kowane layinsa take ɗaya, ya yi rubutun da masana lissafi ke ambatonsa da shi har yau. Tamu cika ce, don haka yi ta raba ta biyu: 360,360, sai 180,180, sai 90,090, sai 45,045. Ta zama mara, tsaya. Rubuta 2 sau huɗu a gefe.

Yanzu tara alƙaluman 45,045. Sun ba da 18, kuma 9 na shiga 18, saboda haka tana shiga lambar duka: 5,005. Wutsiyarta 5 ce, raba da 5, saura 1,001.

Riƙe 1,001 da kyau, domin 7 sau 11 sau 13 ce. Daga nan aka samo dabarar da nake ƙauna: yanka lamba mai alƙaluma shida gida biyu, uku-uku, ka ɗebe ƙaramin ɓangare daga babban. Duk wadda ta shiga sakamakon a cikin 7, 11 da 13, to ta shiga lambar gaba ɗaya. Gwada 483,630: 630 a ɗebe 483, saura 147. Bakwai na shiga 147, amma 11 da 13 ba sa shiga. A 720,720 kuwa sifiri ya rage, wato duka ukun sun shiga.

Tubalanta ke nan, lambobin firam waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu: 2 ta fito sau huɗu, 3 sau biyu (wato 9 ɗin nan), sai 5, 7, 11, 13 sau ɗaiɗai. Ƙara 1 a kan yawan fitowar kowanne, ka ninka: 5×3×2×2×2×2. Lambobi 240 ne ke raba ta ba saura. Ita ce ma mafi ƙanƙantar lambar da 1 zuwa 16 duk suke shiga, shi ya sa in naira ce, magada bakwai ko 'yan adashi goma sha uku za su raba ta daidai wa daida ba ragowar kobo.

Sai ajinta. Ana tara masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6, 28, 496 da 8,128. In ta gaza, mai gibi ce. Tamu jimlarta 2,529,072, ta ninka ta fiye da sau uku, mai yalwa ce ƙwarai.

Maƙwabciyarta 720,721 ta fi taurin kai. Duk abin da ka raba ta da shi daga 2 zuwa 16, saura 1 zai rage. In kana son sanin ko firam ce, fara daga 17, 19, 23, kana gwada firam kaɗai. Ba sai ka wuce 848 ba, tunda 849 sau 849 ya riga ya zarce ta.