Kurakuran Masu Shirya Taro Kan Muhalli da Doka, da Yadda Ake Gyara Su

Baƙi sun watse, an kwance rumfuna, an naɗe wayoyin lantarki, mai shirya taro ya sauke ajiyar zuciya yana ganin ya gama. A wurin doka kuwa da sauran aiki, domin duk abin da taron ya bari a ƙasa, a ruwa ko a iska yana wuyansa har sai ya isa inda aka halatta a kai shi. Yawancin kurakuran da ake yi a wannan sana'a daga rashin gane wannan suke tasowa.

Babba a cikinsu shi ne na kwashe shara. Sai ka ga an kira duk mai motar da aka samu, an biya shi, ya loda ya tafi, ba wanda ya tambaye shi ina zai zubar. A Ingila, sashe na 34 na Dokar Kare Muhalli ta 1990 ya wajabta wa wanda ya tara shara ya tabbatar cewa mai karɓarta yana da rajista, a rubuta takardar miƙawa, a kuma ajiye ta har shekara 2. Idan aka tsinci sharar a bakin hanya, ga takardun gayyata da tambarin kamfaninka a ciki, kai za a fara nema. Dokokin ƙasashe sun bambanta a bayani, amma tushensu ɗaya, shi ne ƙa'idar da aka sa a sanarwar taron Riyo na Burazil a 1992, cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. Gyaran ba shi da wuya. Ka ga lasisin mai kwashewa da idonka, ka san sunan jujin da zai kai, kada ka biya cikon kuɗi sai ya kawo rasit daga can.

Haka abin yake da ruwan ƙazanta. Ba da kwangilar ban-ɗaki ko girki ba ya sauke maka nauyi. A 2014 wani tankin najasa ya yi yoyo a wurin bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila, ƙazantar ta gangara kogin Whitelake, kifaye suka mutu, kuma a 2016 kotu ta sa masu bikin biyan fam 31,000, tara da kuɗin shari'a. Waɗannan mutane ne da suka yi suna wajen kula da muhalli, amma tanki ɗaya ya kai su gaban alƙali. Kafin a kafa komai, ka zagaya filin ka ga inda ruwa ke bi idan an yi sama. Ban-ɗaki, tankin mai da wurin wanke-wanke su yi nesa da nan. Magudanar ruwan sama kai tsaye take zuwa rafi ba tare da an tace ta ba, don haka man girki da ruwan sabulu ba su da gurbi a cikinta. A rubuta wannan ƙarara a takardar kwangila, tare da wanda zai biya idan an saɓa. Tun ran gini ake zane.

Janareto ma ana yawan kuskure a kansa, kuma kuskuren na tsoro ne. Don gudun kada wuta ta ɗauke a tsakiyar taro, sai a ɗauko wanda ya ninka buƙata sau uku, a bar shi yana ruri dare da rana da ɗan ƙaramin lodi. Injin dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya ƙone mai yadda ya kamata, yana tara dauɗa, yana ƙara hayaƙi. Kowace lita ɗaya ta dizal kuma tana sakin iskar kabon da ta kai kusan kilo 2.7. Ka tara jerin kayan da za a kunna da ƙarfin kowanne, ka ba ma'aikacin lantarki ya lissafa. Sau da yawa ƙaramin inji na ranakun shiri da babba na ranar taro sun fi guda ɗaya ƙato. Ƙwayayen fitila na LED suna cin ƙasa da rubu'in wutar da tsofaffin ƙwayaye masu zare ke ci. Tankin mai ya zauna cikin mazubin da zai tare yoyo, wanda a dokar Ingila sai ya iya ɗaukar kashi 110 cikin 100 na abin da ke tankin. Kada kuma a taɓa kunna janareto cikin rufaffen tanti ko kusa da inda ma'aikata ke kwana, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kisa cikin barci.

Akwai wani kuskure da masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa, kuma shi ya fi ba ni takaici saboda kuɗin da ake kashewa a banza. Ana sayo kofuna da faranti masu rubutun cewa suna ruɓewa su zama taki, a ɗauka an gama da matsalar roba. Mafi yawansu ba sa ruɓewa sai a masana'antar taki mai zafin da ya kai wajen digiri 58 na ma'aunin Salshiyas. Idan babu irin wannan masana'anta kusa, ko ba ta karɓarsu, juji za su tafi kamar kowace shara. Idan kuma suka shiga cikin robar da za a sake sarrafawa, sai su ɓata ta. Ka fara tambayar mai karɓar shararka abin da yake iya sarrafawa, sannan ka yi sayayya. Kofin da ake wankewa a sake amfani da shi, a karɓi ɗan kuɗin ajiya a mayar wa mutum idan ya dawo da shi, ya fi duka. Kwandunan shara kuma kada a ware su ɗai-ɗai. Mutum a cikin cunkoso wanda ya fi kusa yake jefa wa, saboda haka a jera su tare, da hoton abin da ke shiga kowanne, da ma'aikaci a tsaye a wuraren cin abinci.

Wasu kayan ma doka ta riga ta hana. Tun Yulin 2021 Tarayyar Turai ta haramta sayar da faranti, cokula da tsinken shan lemo na roba masu amfani sau ɗaya. Sakin balan-balan sama laifi ne a jihar Queensland ta Ostireliya tun Satumban 2023. A 1986 an saki kusan miliyan ɗaya da rabi a birnin Cleveland na Amurka, suka sauko suka rufe tafki har suka kawo cikas ga neman wasu masunta biyu da suka ɓace. Wanda ke kai taro wata ƙasa ko wata jiha ya karanta dokar can, kada ya tafi da ta gida a kansa.

Ƙara kuwa ana tunawa da maƙwabta a manta da ma'aikata. Baƙo awa uku zai yi ya tafi, mai gadin da ke gaban lasifika yini zai yi. Mizanin da aka fi bi a wurin aiki shi ne desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wurin nishaɗi ya wuce desibel 100 cikin minti 15. A raba abin toshe kunne, a riƙa sauya masu tsayuwa kusa da dandamali, a juya lasifika daga gidajen mutane, a kiyaye lokacin tashi da ke cikin takardar izini.

A babban taro, zuwan mutane da komawarsu ne yakan fi komai fitar da hayaƙi, amma shi ake bari a ƙarshe. Zaɓen wurin da jirgin ƙasa ko bas ke kaiwa ya fi canza kofuna tasiri nesa ba kusa ba. Abinci kuma a dafa bisa adadin waɗanda suka tabbatar da zuwa, a kuma shirya da masu karɓar ragowa tun kafin ranar.

Sai maganar baki. Rubuta a allon talla cewa taro bai cutar da muhalli ko kaɗan ba, alhali ba a auna komai ba, yana iya zama yaudarar masu saye a idon hukuma. FIFA ta ce gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 ba ta ƙara wa duniya kabon ba, amma a Yunin 2023 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Suwizalan ta ce ba ta kawo hujjar hakan ba. Ka faɗi abin da ka auna kawai, lita nawa na mai, kilo nawa na shara, nawa aka sake sarrafawa. Ma'aunin ISO 20121, mizanin ƙasa da ƙasa na shirya taro tare da kula da muhalli, wanda ya fito a 2012 lokacin wasannin Olamfik na Landan aka kuma sabunta shi a 2024, a kan wannan ya ginu: ka sa buri, ka naɗa mai alhaki, ka auna, ka gyara. Ko ba ka nemi takardar shaidarsa ba, ka naɗa mutum ɗaya da sunansa, ka ba shi ikon tsayar da aiki, sannan a yi wa ma'aikatan wucin gadi bayani na minti goma kafin a buɗe ƙofa, su san inda yashi da tsumman tsane mai suke da lambar da za su kira idan wani abu ya zube.